Ƙasar Da Ke Kan Ramin Mando

Ran Asabar da hantsi, cikin damunar 1996, aka bugo wa Sufeto Rabe Yalwa waya cewa rami ya rufta da mutum a Mando. Ya ture kofin shayinsa, ya ɗauki hula. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki. Gawa ta daina faɗar masa da gaba tuntuni, kuma shi kansa abin ba ya yi masa daɗi.

Wani kamfani ne ke haƙa hanyar ruwa ta ƙarƙashin tudu, don ambaliya ta daina cin gidajen mutane. Tifa maƙare da yashi ta bi ta kan tudun, ƙasa ta burma, alhali injiniyan aikin, Sanda Maliki, yana ciki.

Kafin Sufeto ya iso an ciro gawar, an kuma damƙe helman leburori, Ado, wanda ya ba direban hannu ya wuce.

"Wa ya ce ka bar mota ta hau nan?"

"Injiniya ne, ranka ya daɗe. Ya ce kwamfuta ta nuna ƙasa mita shida a kan ramin, ko jirgi ya bi ba abin da zai faru."

"Kana da shaida?"

Ado ya dubi gawar da aka rufe da tabarma. Shaidarsa ke nan kwance. In ba wata aka samu ba, gidan yari zai tsufa, 'ya'yansa bakwai a Rigasa.

Sufeto ya tsaya bakin inda ya burma. Ƙasar da ke kan ramin da ƙyar ta kai tsayin mutum. A aljihun mamacin ya sami takarda ninke, zanen tudun da ramin a cikinsa. An rubuta 6 a gefe.

Ran Litinin ya je ofishin kamfanin. Ramatu, mai aiki da kwamfutar, ta kunna masa. Tudun ya fito da korayen layuka kamar ragar kamun kifi. Ta danna wani abu, tudun ya tsage biyu, sai ga ramin kwance a cikinsa.

"Ta yaya akwatin nan ya san tudun Mando?"

"Bai sani ba, yallabai. Awon da aka ba ni nake zuba masa, shi kuma ya gina ƙasar, ya ratsa ramin ta ciki. Abin da aka faɗa masa yake maimaitawa."

"Nawa ya ce a kan ramin?"

Ta duba, ta sake dubawa. "Mita ɗaya da ɗigo takwas."

Manaja da ke tsaye a baya ya yi wuf ya ce, "Ka gani? Ado ƙarya yake. Sanda ba zai bar mota ta hau wannan ba."

Sufeto bai ko waiwaye shi ba. Ya shimfiɗa takardar mai jirwayen jar ƙasa a kan tebur. Ramatu ta dafe ƙirji.

"Wallahi ni na buga masa wannan ran Juma'a. Shida ne." Ta leƙa ƙasan allon. "An taɓa aikin jiya Lahadi. Ni kuwa ina gidan makoki."

"Wa ke kawo miki awon?"

"Baba Audi."

Kafin ya tashi, Sufeto ya sunkuya kan maɓallan. Na lambobi kaɗai ne ke da ɗigo-ɗigon baƙi. Ya shafa da yatsa, baƙin ya goge. Tabon bakin fensir ne.

Malam Audi yana ɗakin baya, inda aka mayar da teburinsa na zane tun zuwan kwamfuta. Tsoho ne mai tsabta, fensir a bayan kunne. Shekara talatin da ɗaya yana auna ƙasa yana zane da hannu, ba a taɓa dawo masa da takarda ba. Kowa a ofishin ya san wannan, don yakan faɗa.

"Baba, jiya ka shigo ofis?"

"Ni? Me zai kawo ni ran Lahadi? Ni da akwatin can ko gaisawa ba ma yi."

"Ara mini tef ɗinka na awo."

Tsohon ya jawo aljihun tebur. Tef ne na da, cikin gidan fata da ya sha hannu. Sufeto ya ja shi. Daga farko har ƙarshe ƙafa ne da inci, babu mita ko ɗaya.

"Ƙafa shida mita nawa ne, Baba?"

Fankar sama tana ta juyi.

"Ɗaya da ɗigo takwas," in ji tsohon daga baya.

"Wanda ya iya kwamfuta da yatsa yake dannawa, ba da fensir ba," in ji Sufeto.

Malam Audi ya kai hannu bayan kunnensa, ya sauke. Da ya fara magana, muryarsa ba ta rawa, kamar mai karanta labarin wani.

"Kullum nakan juya awon zuwa mita kafin in ba yarinyar. Wannan shafin ne na tsallake. Shida na rubuta, ita kuma ta zuba shida."

"Kuskure ne wannan, kowa na yi. Amma jiya ka gyara lambar, ka bar Ado a kulle."

"Na bar shi."

"Yaushe ka gane kuskuren?"

"Ran Alhamis."

Sufeto ya ɗaga kai daga littafinsa. Ya so ya ji haushi, ya nema a ransa, bai samu ba.

"Alhamis. Sanda ya mutu Asabar."

"Na ce sai Litinin in gyara a ɓoye. Dama jira suke in yi kuskure ɗaya su ce tsoho ya ƙare. Kunya na ji, ɗan nan. Kunya kawai."

Sufeto ya aika kofur ya je a saki Ado. Bai sa wa tsohon ankwa ba, ba inda za shi. Malam Audi ya naɗe tef ɗin a hankali, ya ɗora fensirin a kai, ya miƙe.

A bakin ƙofa ya tsaya.

"Ni na koya wa Sanda riƙon fensir, yana ɗan makaranta. Ran Asabar da safe ya leƙo nan da hular kwanonsa, ya ce, 'Baba, zan shiga ramin, akwai wani abu?'"

"Me ka ce masa?"

"Na ce, 'Babu komai. Allah ya tsare.'"