Motar da Ba Ta Sallama

Rana ta yi ja, tana shirin faɗuwa. Matar da 'yan kasuwa ke kira Ba-Ragi tana zaune a bakin rumfar mota tana jiran 'yarta. Katifu take sayarwa, kuma tun da mijinta ya rasu ba wanda ya taɓa ganin hawayenta, balle a ga ta sauko daga farashin da ta yanka. Abu biyu marigayi ya bar mata: 'yarsu Auta, da farar motar lantarki da Auta ke ɗaukar fasinja da ita. Motar ba ta shan fetur, ba ta hayaƙi, ba ta ko tari. Sai dai mutum ya ga inuwarta a kansa.

A yammacin nan kuwa, Ba-Ragi ta ji motar tun kafin ta gan ta. Wani siririn kuka ne ya taho daga kwanar layi, inda tsohuwar bishiya take, kamar na jaririn da muryarsa ta dushe. Auta ta shigo, ta soka wa motar caja a bango, ta tsaya tana kallon tayoyin baya.

"Inna, kin ji ko? Daga tsakanin tayoyin nan yake fitowa. In na taka sai ya tashi, in na ɗaga ƙafa sai ya sauya murya. Kwanakin baya ma na ji kamar na haye wani abu a kwanar can, na duba ban ga komai ba."

"Ba akwai garanti ba?" in ji uwar. "Wanda ya sayar da ita shi zai ji da ita."

Washegari suka kai ta kamfani. Injiniyan, wani dogo mai farin gilashi, ya jona mata kwamfuta, ya ɗaga ta sama, ya jijjiga tayoyi, ya duba birki, sannan ya zaga gari da ita. Shiru kake ji. Auta ta kunna masa kukan da ta naɗa a waya.

"Wannan ya yi kama da boris, ƙarfen da ke juyawa a cikin giyar mota," in ji shi. "Amma Mama, kamfani ba ya gyaran kukan waya. Sai na ji da kunnena. Ku hanzarta kuma, ƙarshen watan nan garantinku zai ƙare, in ya wuce ko shagonki kika sayar da ƙyar ya biya."

Suna fita daga ƙofar kamfanin kukan ya dawo. Suka juya, ya ɗauke. Haka aka yi ta yi, har masu gadi suka fara murmushi in sun hango su. Ranar da haƙurin Ba-Ragi ya ƙare, ta buga teburin injiniya.

"Ɗana, gobe da katifata zan zo. A ƙofar nan zan shimfiɗa ta, ba na tashi sai kun buɗe cikin motar nan!"

Da magaribar ranar dutse na farko ya faɗo kan rufin rumfa. Na biyu ya biyo. Ba-Ragi ta fita da zagi a bakinta, layi fayau, ko kaza babu. Da ta dawo ta tarar da Auta durƙushe a bayan mota, ta manna kunnenta a jikin ƙarfe, tana jijjiga kai kamar mai lallashin yaro. Ta kira ta, ba ta amsa ba. Da Auta ta miƙe kuwa, ƙafar hagu take ja a ƙasa.

Gidan ya yi nauyi. Auta ta daina ci, ta daina magana. Kullum rana ta faɗi sai duwatsu su fara, motar kuma tana ajiye, a kashe, amma wani kukan daban, na yaro, na fita daga ƙarƙashinta. Watan na ta ƙarewa. Ba-Ragi, wadda ba ta taɓa roƙon kowa ba, ta ɗauki mayafi ta je ta ɗauko malamin da ya yi wa mijinta salla.

Tsoho ne mai sanyin murya. Ya sa aka zaunar da Auta a tabarma cikin rumfar, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Hasken yamma ya janye daga bango. Can sai Auta ta ɗago, idanunta a kafe, wata tsohuwar murya ta fito daga bakinta.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"A gindin bishiyar kwana muke, tun ba a yi layin ba. Kowace mota tana sallama. Mu ji ta daga nesa, mu kwashe yara. Wannan kuwa ɓarauniya ce. Ta zo ba murya ta take ƙafar jikana."

"Shi ya sa kika sa mata kuka?"

Muryar ta yi wata busasshiyar dariya. "Ba ni ba ce. Ciwonta ne, ƙarfe ke cin ɗan'uwansa a ciki. Mu daɗi muka ji, yanzu muna jin zuwanta. In an kai ta wurin masu gyara, hannu nake sawa in riƙe mata maƙogwaro. Ba za a gyara ba. In aka buɗe ta, ƙafar yarinyar nan tawa ce."

Malam ya ɗaga murya zai ci gaba, Ba-Ragi ta matso ta zauna dab da 'yarta.

"Baiwar Allah, ba a ciniki da su," in ji malam.

"Malam, da kowa ake ciniki." Ta dubi idanun da ba na 'yarta ba. "Ke, Allah ya ba jikanki lafiya. Amma ƙafar 'yata ba ta sayarwa ba ce. Faɗi wani abin."

"A bar motar da kukanta."

"Albarka. Ƙarfen da ke cin kansa wata rana zai cije, a tsakiyar titi, da 'yata a ciki. Ranar kuma wa zai yi muku sallama?"

"To a daina bi ta kwanar."

"Ta sama za ta bi? Layin mashiga ɗaya gare shi. Kuka kike so, ni gyara nake so. Ki cire hannunki gobe injiniya ya ji. Ni kuma in rataya mata ƙararrawa, duk inda ta nufa a ji ta."

Malam ya sunkuyar da kai ya ce kawar da cuta daga hanya sadaka ne, wannan kam ba laifi.

"Ranar da ta wuce mu ba murya," in ji muryar, a hankali, "ba zan yi jifa ba. Shigowa zan yi."

"Na ji. Sakar min 'ya."

Auta ta yi atishawa ta sulale a jikin uwarta. Can ta buɗe ido ta ce, "Inna, ƙishirwa."

Da safe, tun daga bakin ƙofar kamfani motar ta ɓarke da kuka, har injiniya ya fito da gudu. Da aka tsiyaye man giya, garin ƙarfe ne ke ƙyalli a ciki. Ya sa hannu a takardar gyara ba gardama. Sai dai ya daɗe tsaye a ƙarƙashin motar da fitila, ya cire gilashi, ya goge, ya mayar. A jikin murfin giyar, cikin ƙura, akwai sawun hannu. Yatsun sun fi na mutum tsawo.

"Mama, wa ya taɓa nan?"

"Wadda muka yi ciniki da ita. Yi aikinka, ɗana."

An sa sabuwar giya, motar ta koma shirunta, Ba-Ragi ta rataya mata ƙararrawa irin ta dabbobi. Fasinjoji na yi wa Auta tsiya, wai direba ce ko mai kiwo. Ba-Ragi ba ta dariya. Kowace safiya da hannunta take jan igiyar ƙararrawar ta ji ko ɗaurin ya saki. Kowace magariba kuma tana bakin rumfa, kunnenta na kwanar layi. Sai ta ji ƙararrawa, ta ji wani abu kamar gudun ƙananan ƙafafu a cikin busassun ganye, sannan take sakin numfashi.