Tauraruwa Ɗaya Ce Ta Dushe

"Idan aka kore shi, maganar aure ta mutu!"

Yaya na faɗa wa Auta haka ya kashe waya. Mai neman kuka ne aka jefa da kashin awaki, don tun farko ba ya son ƙanwarsa ta auri "mai goge gilashi".

Aikin Auta duba hotunan sama ne da babbar kyamarar cibiyarsu ta binciken taurari ke ɗauka, dubban taurari a hoto guda, tana tsamo masu sauya haske. Masoyinta Dogo shi ke kula da kyamarar. Mai Kwat kuwa, abokin aikin da ta taɓa ce wa a'a, shi ya kai ƙara wajen Farfesa, shugaban cibiyar, wai wata tauraruwa na dushewa a hotuna saboda Dogo ya bar datti a gilashin kyamarar.

Auta ta sami Dogo a ɗakin kayan aiki yana haɗa jaka.

"Ina zuwa?"

"Gara in tafi da mutuncina..."

"Ka goge ko ba ka goge ba?"

"Wallahi na goge, rabin raina. Amma wa zai yarda?"

Tsoro ya kama ta, don son da take masa ba na wasa ba ne. Ta ƙwace jakar, ta koma kan kwamfuta, ta jero hotunan watanni uku. Abincin rana ma ya huce a gefe.

Da yamma ta shiga ofishin Farfesa, Mai Kwat na zaune ya harɗe ƙafa.

"Ranka ya daɗe, datti ba ya zaɓe. Da gilashi ne, da maƙwabtanta ma sun dushe. Ga su ashirin, ko gezau! Ita kaɗai ce, kuma duk bayan kwana uku da awa huɗu take dushewa."

Farfesa ya matso da takardar da ta ajiye masa.

"Ikon Allah! Taurari biyu ne ke zagaya juna, ɗaya na tare hasken ɗaya. Kai Mai Kwat, ka duba maƙwabta kafin ka kawo ƙara?"

Mai Kwat ya hau sosa ƙeya.

Tana fitowa tare da Dogo, Yaya ya kira.

"An kore shi?"

"A'a, Yaya. Sunansa ma za a sa a rahoton binciken, kusa da nawa."

Yaya ya yi gyaran murya.

"To... ya turo manyansa. In ya zo kuma ya goge min tabarau, da alama ni ne ban gani da kyau ba."