Wa Ya Faɗa wa Koci?

Ranar da Odile Fontenot ta fara haɗuwa da Tavion Batiste, ƙafarsa ta fara gani kafin fuskarsa. Ya ɗora ta a kan bencin ɗakin jinyar 'yan wasa, idon sawu a kumbure, shi kuwa sai murmushi yake kamar ƙafar aro ce.

Odile ɗaliba ce a kwalejin garinsu da ke kudancin Louisiana, tana koyon aikin kula da raunin 'yan ƙwallon Amurka, wadda ake jifa da cafewa da hannu. Ta saba da samari masu baki, don haka ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ke ce ƙanwar Remy?" ya tambaya.

"Ni ce mai ɗaure maka ƙafa. Daina motsi."

"To, ranki ya daɗe." Ƙafa ta tsaya, amma baki bai tsaya ba. "Yanzu dai cafe ƙwallo nake yi, amma ba nan zan tsaya ba. Kwatabak nake so. Shi na yi a sakandare, da na zo nan Koci ya ga ina da gudu ya tura ni gefe."

Odile ta ja bandejin da ƙarfi har sai da ya ce wash. Kwatabak guda ɗaya ne a ƙungiya, shi ke jefa ƙwallo, shi ke ba da umarni, kuma yayanta Remy ne ke riƙe da gurbin. Sai a lokacin ta dube shi, ta kuma ji haushin kanta da ta ga idanunsa sun yi mata kyau.

Bayan kwana biyu saƙo ya shigo wayarta.

"'Yar Bandeji, ƙafa ta warke. Yanzu wani wurin ke ciwo, kuma ke kika jawo. Za ki sha kofi da ni bayan atisaye?"

Ta rubuta masa: "Je ka asibiti." Ta ajiye wayar, ta sake ɗauka. "Kofi ɗaya. Kuma ban da maganar Remy."

Kofi ɗayan nan shi ya haifi na biyu da na uku. Tavion bai taɓa ambaton Remy ba, sai kuma hakan ya dame ta. In ya yi shiru ta ce dabara ce, da ya yi magana ma da ta ce dabara ce. Son sa take yi, wannan kam ta daina musu da kanta, amma kullum da ido ɗaya take son sa, ɗayan yana gadi.

Ranar Lahadi ta kai shi gida cin gumbo, miyar kuɓewa da jatan lande ta mutanen yankin. Babanta Alcide mai kamun jatan lande ne, ya buga ƙwallo a ƙuruciyarsa, kuma tun daga lokacin bai yarda akwai wanda ya fi shi sanin wasan ba. Duk Lahadi bayan coci sai ya kunna bidiyon wasan Remy ya yi ta faɗa da talabijin.

"Yaro," in ji Baba Alcide, "duk 'yan matan kwalejin nan ba ka ga kowa ba sai ƙanwar kwatabak?"

"Yallaɓai, tun da na gan ta ban ƙara ganin kowa ba."

"Baki gare ka, rago. Da haka ƙafarka take aiki da Koci bai riƙa zagin ka ba."

"Alcide, ka bar yaro ya ci abinci," Mama Verna ta ce, ta ƙara wa Tavion shinkafa.

Maganar Baba tana da tushe. Tun farkon kakar wasan Koci yake yi wa Tavion tsawa, don ba ya kai gudunsa inda aka tsara jifan Remy zai same shi, sai ya yanke ya juyo baya. Odile ta sha ji daga bakin fili: "Batiste! Rago! Wanda ba ya bin tsari shi zai ba da umarni? Ka manta da kwatabak!" Tavion sai dai ya ce, "To, Koci."

Da baƙon ya tafi, Baba ya zaunar da ita. "Ba ke yake so ba, gurbin yayanki yake so, ke tsani ce. Ga Lucien nan da muke fita ruwa tare, yaro mai hankali, shekara nawa yana gaishe ki kina amsawa da hanci."

"Lucien ko sunan jirginsa ya fi nawa daɗi a bakinsa, Baba."

Ta yi dariya, amma maganar ta kwana a ranta, domin gidan na da sirri. Remy ya ji ciwo a kafaɗa tun lokacin hutu, wajen jan raga. Wannan ce shekararsa ta ƙarshe, masu neman 'yan wasa suna zuwa kallon sa, in aka cire shi daga wasa aka zaunar da shi a benci an gama da burinsa. Odile ce ke sa masa ƙanƙara a ɗaki, babu wanda ya sani sai su huɗu.

Wata yamma suna zaune a bakin kogi ita da Tavion, abin ya yi mata nauyi, ta fashe da kuka ta faɗa masa.

Ya riƙe hannunta. "Na sani, Zumata. Ni nake cafe ƙwallonsa."

"Tun yaushe?"

"Tun tuni. Share hawayenki."

Sati bai zagayo ba aka zaunar da Remy. Ranar Litinin Odile ta fito fili da jakar bandeji, sai ga Tavion sanye da jar riga, rigar da kwatabak kaɗai ke sawa a atisaye don kada kowa ya taɓa shi. Mutumin da aka ce ya manta da gurbin. Jakar ta kusa faɗuwa daga hannunta.

A gida Remy ya kulle kansa a ɗaki. Baba ya dube ta ya ce, "Wa kika faɗa wa?" Ta kawar da kai, hakan kuwa ya ishe shi amsa.

Ta rubuta wa Tavion: "Jar riga ta yi maka kyau. Ka samu abin da ka zo nema. Kada ka ƙara kira na."

Amsa ta zo: "Odile, ban faɗa wa Koci komai ba. Ba zan rantse ba, don zargin ya riga ni shiga zuciyarki. Ina son ki, shi ke nan abin da nake da shi."

Ta karanta har ta haddace, ba ta mayar ba. Makonni suka wuce. In ya shigo ɗakin jinya sai ta tura wata ta ɗaure shi. Ta rame, Mama Verna na kallon ta cikin damuwa, Lucien kuma ya yawaita kawo kifi.

Wata Lahadi Baba ya ce zai cire mata yaron daga rai gaba ɗaya. Ya kunna wasannin farkon kaka don ya nuna mata irin ragwancinsa. "Duba nan, ya yanke. Nan ma ya yanke. Nan ma…" Sai ya gyara zama. Ya mayar da bidiyon baya, ya sake mayarwa. Ya tashi ya nemo na bara, inda Tavion ke kai gudunsa har ƙarshe ƙwallo ta same shi a can. Ya dawo kan na bana, ya matso da kujerarsa har gaban talabijin.

"Odile, zo nan." Muryarsa ta sauya. "Dubi inda ƙwallon take sauka. Ba ta kaiwa. Yaron nan komawa yake yi ya tare ta kafin ta faɗi ƙasa a gane hannun ɗana ya mutu. Wannan ba rago ba ne. Duk zagin da ya sha, na Remy ya sha."

Ya ƙwala wa Remy kira. Remy ya fito, ya ga abin da ke kan talabijin, ya sunkuyar da kai.

"Koci ma haka ya gano," ya ce a hankali. "A bidiyo. Ya kira ni ya ce in yi jifa mai nisa, na kasa. Ba wanda ya kai ƙarata."

"Ka sani ka yi shiru, Yaya?" Odile ta ce.

"Na kasa jure ganin Tavion da rigar, Odile. Ki yafe mini."

Ba ta tsaya neman takalmin kirki ba. Ta sami Tavion a fili shi kaɗai yana jifa cikin tsohuwar taya. Ya gan ta, bai yi murmushi ba.

"Na ga bidiyon," ta ce. "Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"In ce miki me? Ga alherin da na yi wa yayanki, ki so ni? Ke ma da kin ce dabara ce." Ya juya ƙwallon a hannunsa. "Kin tambayi zuciyarki, kin tambayi Baba. Ni kaɗai ba ki tambaya ba."

Hawaye suka zubo mata. "Yanzu ina tambaya. Har yanzu kana so na?"

Ya daɗe yana kallon ta, sai ya saki ƙwallon ta gangara. "Zumata, kin wahalar da ni. Zo nan."

An ɗaura auren bayan an gama kakar wasa, a cocin da aka yi wa Odile baftisma. Remy ne babban abokin ango, hannunsa a rataye bayan aikin da aka yi masa, shi ya fi kowa tafi da hannu ɗaya a cinya. Mama Verna ta yi kuka tun daga ƙofa.

Baba Alcide ya rako 'yarsa har gaban Fada, ya tsaya, ya ƙi sakin hannunta. Ya dubi Tavion, idanunsa jajur.

"Na kira ka rago a kan teburina, kana cin abincina, ba ka tanka ba. Yau a gaban Allah da mutanen garin nan nake janyewa." Ya ɗora hannun Odile a cikin na ango, ya haɗa su ya matse da nasa biyu. "Ka rufa wa ɗana asiri ban sani ba. Ga 'yata, wannan kam da sanina na ba ka. Allah ya yi muku albarka, ɗana."

Dukan cocin suka amsa da amin.