Buga Gudumarka, Kafinta

"Ni ba cewa na yi ki daina magana ba, Tawan. Cewa na yi ki ɗan rage..."

"In rage me?"

Ya ajiye zarton da ke hannunsa, ya share goshi da bayan hannu, ya ƙi yarda mu haɗa ido.

"Muryar."

Ina tsaye a ƙofar shagonsa, garin katako yana ɓata mini fararen takalman aiki, amma ban ko damu ba.

"Kafinta... muryata kake nufi? Wadda ka ce ita ka fara so kafin ka ga fuskata?"

"Har gobe ina sonta, wallahi! Mama ce..."

Mama. Kullum dai Mama!

Shekara biyu ke nan muna tare. Ni ce mai kiran layin marasa lafiya a ƙaramin asibitin unguwarmu. Ko mutum ɗari ne a ɗakin jira, jarirai na kuka, tsofaffi na tari, sau ɗaya nake kiran lamba mai ita ya miƙe. Tun ina ƙarama yayyena ke ce mini Ganga, ni kuma ban taɓa jin kunyar sunan ba. A asibitin ne Kafinta ya fara jina ranar da ya zo gyaran bencina. Ya ce ina buɗe baki ya waiwayo, guduma ta sauka a kan babban yatsansa. Har yau farcen bai dawo daidai ba.

"Me ta ce kuma?" na tambaya.

Ya sosa ƙeya. "Ta ce... yarinyar da in ta yi sallama a ƙofar gida maƙwabta ke amsawa, ina za ta kai ta?"

Da a kan wata aka faɗa, da na yi dariya har da hawaye.

"Ranar Asabar ta sama za ta zo gwajin wasa," ya ci gaba a hankali. "Za ta raka 'yar ƙanwarta. In ta gan ki a kan dandamali kina magana a natse, a sanyaye... Tawan, na san Mama. Za ta sauko."

'Yar ƙanwar tata kuwa ita ce wadda kowa ke kira Tauraruwa. Shekara uku a jere ita ke fitowa a jaruma a wasan kwaikwayon da ƙungiyar unguwarmu ke yi, kuma ita Mama ke wa ɗanta kwaɗayi. Ni kuwa bana ne karo na farko da na sa sunana a takardar gwaji.

"To gudumar fa?" na ce.

Don kowa ya san dokar Malama. Tsohuwar shugabar makaranta ce da ta yi ritaya, ita ke shirya wasan. Zauren taronmu benci ashirin da biyu ne a jere, rufin kwano, babu lasifika. Malama ta ce ranar wasa yara za su yi kuka, maza za su yi hira, fankoki za su yi ƙara, saboda haka ba ta gwada kowa a cikin shiru. Takan zauna a bencin ƙarshe riƙe da lemarta, ta sa Kafinta ya yi ta dukan katako a gefen dandamali, kai kuma kana faɗin kalamanka. Duk maganar da ba ta ji ba sai ta ɗaga lema. Ta ɗaga sau uku, ka sauko.

"Bar mini wannan," in ji shi.

Ban tambaye shi abin da yake nufi ba. Kallon da ya yi mini ne ya kashe mini jiki... idanun nan nasa masu kama da na wanda bai taɓa laifi ba.

"To," na ce. "Saboda kai."

Kwana goma na yi ina koyon ƙaramar murya. In tsaya gaban madubi ina matse maƙogwaro kamar mai haɗiyar magani. A wajen aiki wani tsoho ya yi awa biyu a zaune don bai ji na kira lambarsa ba. Babbar nas ta leƙo ta taga.

"Ganga, mura kike yi ne?"

"A'a, Anti."

"To wa ya rasu?"

A gida ma Yayana ya dube ni a kan tabarmar cin abinci ya ce, "Wai ina aka kai ƙanwata? Wannan ta aro ce."

Ana gobe gwaji na haɗu da Tauraruwa a bakin zaure. Ta riƙo hannuna tana murmushi, ƙamshin turarenta har ya fi ta magana.

"'Yar'uwa, na ji an ce kin iya sanyin murya yanzu. Ki riƙe abinki haka! Jarumar soyayya ba ta ihu. Ko raɗa kika yi, in da daɗi, ya isa."

Na yi mata godiya. Ni da hankalina, wai har godiya na yi!

Ranar Asabar da hantsi mu tara muka jeru a bencin gaba, kowace da takarda a hannu. Labarin wata 'yar masunci ne da saurayinta ya yi fushi ya shiga kwalekwale zai bar garin, ita kuma ta biyo shi da gudu, ta tsaya a gaɓar kogi tana kiransa. Malama na can baya da lemarta. Kusa da ita Mama ce zaune, don ciwon gwiwa ba ya barinta ta yi nisa da ƙofa. Kafinta ya tsuguna a gefen dandamali, ya naɗe hannun riga.

Ta farko ta hau.

Gwam! Gwam! Gwam!

Ko layi huɗu ba ta kai ba lema ta tashi sau uku. Ta sauko tana share hawaye. Ta biyu ma haka. Ta uku ta manta kalamanta gaba ɗaya ta tsaya tana kallon gudumar.

Tauraruwa ce ta shida. Gaskiya ta iya, ba zan ɓoye ba. Ta san inda za ta saka magana tsakanin bugu da bugu, ta san karya wuya da lumshe ido. Sau biyu kacal aka ɗaga mata lema, ta kai ƙarshe. Ta sauko tana taku ɗaiɗai kamar an riga an ba ta.

"Ta bakwai!" in ji Malama.

Na hau. Na hango Mama ta gyara zama, ta tallabe haɓa.

Na matse maƙogwaro na fara, a sanyaye kamar yadda na koya.

"Mai kwalekwale... tsaya ka ji..."

Ƙwas.

"Ka tafi da fushinka, ka bar ni da nawa..."

Ƙwas... ƙwas.

Lema ba ta tashi ba. Na ci gaba, har na fara jin daɗi. Sai kunnena ya ankara. Wannan wane irin bugu ne? Kamar ɗan tsako yana tsattsagar hatsi a faranti!

Na saci kallonsa. Yana ɗaga gudumar sama sosai yadda kowa zai gani, amma in ta zo sauka sai ya tare ta, ta ɗan taɓa katakon kawai.

Kafin in gama fahimta, Tauraruwa ta ƙyalƙyale da dariya.

"Malama, gudumar zazzaɓi take yi ne? Ko dai ta san masu gida?"

Sauran 'yan matan suka fara ƙus-ƙus. Wata ta ce, "Dama mana. In kana da naka a sama..."

Takardar ta jiƙe da gumin hannuna.

Wato abin da yake nufi ke nan da in bar masa. Tausayina ya ji. Ni! Ni da nake tada ɗaki guda da kira ɗaya, yau ni ake lallaɓa wa guduma kamar marar lafiya. In na ci a haka, har abada za a ce saurayina ne ya ci mini. In kuma na buɗe murya, ga Mama can tana jira ta ce, ba na faɗa ba?

Na dubi bencin ƙarshe. Na dubi shi.

Na ninke takardar na ajiye a ƙasa.

"Kafinta!"

Sai da kwanon rufin ya amsa. Tantabarun da ke saman taga suka watse. Shi kansa ya zabura har ya kusa zama a ƙasa.

"Ka buga yadda ka buga wa kowa! Ban zo nan karɓar sadaka ba!"

Kowa ya juya yana kallonsa.

"Tawan..." ya ce can ƙasa, idonsa na zuwa wajen mahaifiyarsa yana dawowa.

"Ka buga, na ce!"

Ya daɗe yana kallona. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ajiye ƙaramar gudumar, ya buɗe akwatinsa ya zaro babbar, wadda yake fasa tsofaffin ƙofofi da ita. Ya tofa yawu a tafin hannu.

GWAM!

Na ja numfashi tun daga cikina, na saki.

"Mai kwalekwale! Tsaya ka ji! Ka tafi da fushinka ka bar ni da nawa, wa zai sasanta mu in ruwa ya shiga tsakani? Ni ba roƙonka na zo yi ba! Na zo ne in faɗa maka, in ka haye kogin nan, kada ka ce ba a kira ka ba!"

GWAM! GWAM!

Yana ƙara ƙarfi ina ƙara hawa. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Na manta da Malama, na manta da Tauraruwa, na manta akwai wata Mama a duniya. Kogin kawai nake gani da kwalekwalen yana nisa. Masu wucewa a titi suka fara leƙowa ta tagogi. Wani mai keke ya jingine kekensa ya shigo har ciki.

Da na kai ƙarshe, katakon ya rabe biyu.

Lemar Malama na kwance a cinyarta. Ko sau ɗaya ba ta motsa ba.

"Sauko," ta ce. "Na ji."

Biyun da suka rage suka gwada, sannan Malama ta taso tana dogara lemarta har gaba.

"'Yar masunci, ta bakwai. Tauraruwa, ke ce yayarta, kuma ki zo da wuri ranar Litinin." Ta juya. "Kai kuma Kafinta, shekara talatin na yi ina kama masu satar amsa. Ka ɗauka ban gan ka ba?"

Aka kwashe da dariya. Tauraruwa ta figi jakarta ta koma gefe tana danna waya.

Na sauka na nufi bencin ƙarshe. Tafiyar benci ashirin da biyu ce, amma kamar na yi ta shekara. Na durƙusa.

"Mama, ina kwana."

Da muryata na gaishe ta. Tawa ta gaske.

Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa.

"Shekara uku ina zuwa wurin nan," ta ce, "kullum sai na zunguri na kusa da ni na ce, me aka ce? Yau ne kaɗai ban tambayi kowa ba." Ta matso da kanta kusa da ni. "To shi mai kwalekwalen, ya dawo kuwa?"

"Sai ranar wasa, Mama."

"Ji ta! Har da ja mini rai." Ta taɓe baki. "Ke yanzu a gida ma haka za ki riƙa kiran miji?"

"In ya yi nisa, Mama."

Malama ta juya baya kafaɗunta na rawa. Mama ta ce, "Allah ya kyauta," amma da ta tashi miƙewa, hannuna ta kama, ba na 'yar ƙanwarta ba.

A bayan labulen dandamali na same shi yana tattara ƙusoshi. Tafin hannunsa ya yi bororo har biyu.

"Tawan, ki yi haƙuri..."

"Ka raina ni."

"Wallahi tsoro na ji. Tsoron kada in rasa ki."

"Shi ne ka gwammace ka rage ni?"

Ya sunkuyar da kai. "Kwana goman nan ni ma ban ji daɗinsu ba. In kin yi magana sai in ji kamar baƙuwa ce a gabana. Ɗazu da kika kira ni..." Ya dafa ƙirji. "Nan na ji ta. Na yi kewarki, Ganga."

Bai taɓa kirana da sunan ba sai ran nan. Na so in ci gaba da fushi, amma ya ƙi zama.

"Mu ga hannun."

Ya miƙo. Na duba na ce, "Gobe ka zo asibiti a wanke maka. Kuma layi za ka bi."

"Ko lamba ta ɗari ce zan jira, in dai ke za ki kira."

Na harare shi, murmushi na neman tona mini asiri.

"Ka saurara da kyau, Gwanina, don sau ɗaya nake kira. Ba zan ƙara matse wuyana saboda kowa ba. Zan yi wasan nan, in an sa na baɗi ma zan shiga gwaji. In ka yarda da ni a haka, ka turo manyanka wajen Baba. In ba ka yarda ba, ka faɗa mini yau!"

Ya buɗe baki zai amsa. Ni dai a ganina a hankali na yi maganar, ashe labule yadi ne kawai.

Daga can bakin ƙofar zaure muryar Mama ta taso, tana haki saboda ƙoƙarin ɗagawa.

"To mun ji, ba sai an maimaita ba! Ki gaya wa babanki, jibi da la'asar baffanninsa na nan zuwa!"