Kibiya Biyu Zuwa Motar Kuje

"Wannan ba fankshin ba ne!" in ji Malam Maitama, har da buga tebur.



Saurayina Abdulbasit yana tsaye gaban allo, yana darasin gwaji a kan fankshin, wato ƙa'idar lissafi da ke haɗa kowane abu da abu ɗaya tak. A shekarar makarantarmu ta Gwarinpa ta ƙara ajujuwa, ana neman malamin lissafi na biyu. Ni ce ta farko. Baba kuwa ya riga ya yanke magana: in Abdulbasit bai samu tsayayyen aiki kafin Babbar Sallah ba, Maitama zai ba wa aurena. Maitaman nan shi ne mataimakin mai makaranta, kuma shi ya cusa kansa cikin masu tantancewa.

A allon akwai sunayen ɗalibai a hagu, motocin makaranta a dama, an ja kibiya daga kowane suna zuwa motarsa. Kibiyar Lydia da ta George duk sun nufi motar Kuje.

"Kibiya biyu wuri ɗaya! Madam, wannan ɓatar mana da yara zai yi," in ji Maitama.

Madam Mabel, mai makarantar, ta juyo gare ni.

"Mashkura, ni ban san lissafi ba. Wa ke da gaskiya?"

Na san duk abin da na faɗa, kafin la'asar ya isa shagon Baba. Na tashi na karɓi allin, na fuskanci Maitama.

"Ranka ya daɗe, mota ɗaya tana ɗaukar yara biyu, har ashirin ma. Hagu ake dubawa. Kowane yaro ya zama yana da kibiya, kuma ɗaya tak."

Na ja wata kibiya daga George zuwa motar Sheda.

"Yanzu ne ba fankshin ba. Yaro ɗaya ba ya shiga mota biyu a tashi ɗaya."

Madam ta dubi Maitama, ta dubi Abdulbasit.

"Malam Abdulbasit, Litinin ka fara."

A bakin ƙofa Abdulbasit ya rage murya. "Rabin raina, kin cece ni fa."

"Bari kawai... saura Baba."

Na tarar labari ya riga ni gida.

"Ke Mashkura! Babba kika ƙaryata a gaban mutane?"

Na durƙusa. "Baba, da na yi shiru, kuskure yara arba'in za su koya."

"Don yaran kika yi, ko don yaron?"

"Duka biyu, Baba."

Ya jawo butarsa.

"Ce wa Abdulbasit ya turo magabatansa ranar Juma'a."

Sati biyu bayan Sallah aka ɗaura mana aure.