Tafi Ɗaya a Kowane Buhu

Na san Maharazu tun yana dillalin masara a kasuwar Shasha, can kudu. Mutum ne mai dogon buri, in ya ga sabuwar motar wani sai abinci ya ƙi shigar masa. Ban taɓa son halinsa ba, amma abin da ya same shi ko maƙiyina ba na yi wa fata.

Wata shekara, wata ƙasa da ta sha yaƙin basasa ta samu lafawa, mutanenta suka dawo daga gudun hijira suka tarar da gonaki sun zama toka. Wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje ta zo neman wanda zai riƙa loda mata masara da wake zuwa can. Manyan 'yan kasuwar unguwar Sabo suka yi caa a kai. Maharazu ya san bai kai su ba, sai ya hau okada ya nufi wani boka a dajin Akinyele.

Bukka ce ba taga, da rana tsaka ma duhu ne a cikinta. An binne wata baƙar tukunya har wuya, bakinta shafe da manja da busasshen jini, gashin kaza ya manne a jiki. Wata iska mai ɗumi tana fitowa daga ciki kamar numfashin marar lafiya.

"Kwangilar taka ce," in ji bokan, tun Maharazu bai faɗi abin da ya kawo shi ba.

"Baba, in jini za ka nema, ni ba na ciki."

"Wa ya ce maka jini? Duk buhun da za ka loda, ka soka masa ƙarfen nan naku na duba hatsi, ka ɗebi tafi ɗaya, ka kawo wa tukunya."

Maharazu ya yi dariya. "Shi ke nan? Ai wannan ko wane dillali yana ɗiba, ba wahala."

"Dillali na ɗiba a kayan sayarwa. Wannan abincin mayunwata ne. Yunwar da ka hana a kashe kuma ba ta ɓacewa, wuri take sakewa."

"Ina take zuwa?"

Bokan ya rufe tukunyar. Maharazu kuwa hankalinsa ya riga ya tafi kan tireloli.

Ya samu kwangilar. Ya gina bene a Sabo, ya je Makka, Turawan ƙungiyar har hoto suke ɗauka da shi suna yaba amanarsa. Buhu dubbai suka wuce ta hannunsa, kuma babu wanda ya tsira daga ƙarfen.

Da ɗansa Hanzala aka fara. Yaron ya cinye tuwo, ya cinye amala, yana suɗe kwano yana kukan yunwa. Haƙarƙarinsa suka fito, likitoci suka duba ba su ga komai ba. Ya mutu da loma a hannu. Ƙanwarsa Rukayya ta bi shi, ita ma haka. Saude matar Maharazu kuwa hankalinta ya gushe: ta dafa abinci ta zuzzuba a ƙasa, tana kiran sunayen wasu yara da yaren da ba ta taɓa ji ba.

Maharazu ya koma daji ya durƙusa. "Baba, ka mayar musu da hatsinsu. Na yafe dukiyar."

"In mayar wa wa? Waɗanda ka rage wa an binne su."

Yana nan da rai har yau. Yana zaune a tsakiyar buhunan masara, ƙashi da fata, yana tusa ɗanyen hatsi a baki, bai ƙoshi ba kuma mutuwa ta ƙi ɗaukarsa.

Kai da aka damƙa wa abincin mayunwata, ka ji tsoron Allah. Abin da kake gani kaɗan ne, shi ne abincin daren ɗan wani, kuma ranar da za a zo karɓa daga bakin 'ya'yanka za a cire.