Rijiyar da Lawan Ya Cike

Ana kiran sallar magariba a Gyaɗi-Gyaɗi, Talatu na durƙushe tana kwashe tuwo, sai dutse ya faɗo gaban murhu. Inna, mahaifiyarsu, ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Lawan, yayan Talatu, ya tsince shi ya ji shi jiƙe, da gansakuka a jiki, alhali rabon garin da ruwan sama an yi watanni. Ya san inda irin dutsen nan yake zama.

Shekarar da soja suka koma bariki ne, Lawan yana kwalejin fasaha yana koyon kula da gine-gine da duba lafiyarsu. Ɗan koyo kuwa ba ya ganin bango ya wuce shi. Da gidansu ya fara, ya gano tsohuwar rijiyar tsakar gida tana cin ƙasa ta ƙarƙashi, har bangon ɗakin Inna ya tsage. Kuma gaskiyarsa ce. Ya sa aka kawo tifar ƙasa aka cike ta rana ɗaya. Inna ta ce ai sallama ake yi wa mazauna rijiya, a ba su kwanaki su kwashe. Ya ce ba a koya musu wannan ba.

Jifa ya zama na kullum. Daga baya aka fara jin ƙarar guga a inda babu rijiya. Sai Talatu ta daina magana, ta daina ci, ta koma zama a kan sabuwar ƙasar, tufafinta a jiƙe ba wanda ya zuba mata ruwa. Inna ta yi kuka har ya ƙare. Lawan yana zuwa aji yana dawowa, ko tsoro ba ya ji, ba ya jin komai. Garin neman gira dai ga ido yana tafiya.

Aka ɗauko Malam Audu mai ruƙiyya daga Tarauni. Bai daɗe da fara karatu ba Talatu ta ɗago kai, muryar tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Tun kafin a yanka filin nan nake ciki. An rufe mini gida, na sami wani."

Malam ya ce zalunci ne, yarinya ba ita ta kawo tifa ba. Tsohuwar ta ce a tone mata rijiyarta ta fita. Lawan ya ce in aka tone, da wuya bangon ya ga ƙarshen damina, kuma gyara ba zai tsaya ba muddin ramin na nan.

"Kai ne masani," in ji ta. "Bangon naka, yarinyar taka. Zaɓi."

Malam ya matsa da karatu har ta yarda ta fita nan take, ba sai an gama tono ba, in Lawan ya rantse zai tone rijiyar. Ya rantse. Talatu ta yi atishawa, ta faɗi, ta farka tana cewa yunwa take ji.

Shi kaɗai ya yi tonon. Ranar da ruwa ya ɓullo, tsagar bangon ta ƙara buɗewa, har yatsa yana shiga. Da hadarin farko ya taso daga gabas, Lawan ya kwashe kayan Inna ya kai ɗakinsa. Ya dawo da tabarmarsa, ya shimfiɗa a gindin bangon, ya kwanta.